Ranar da Baba Tsahiru Ya Rasu a Salula

Rumfata na bakin Kasuwar Dole:
katako ɗaya, ramin caji arba'in,
dala ashirin kowace salula.
In an ɗauke kuran, injina ya yi ta tari,
ni ko ina zaune kamar makiyayi,
garkena ba ya cin ciyawa, sai wuta.

Ta Mutari tela tun safe take makyarkyata,
fadarsu ta rabu biyu
kan ɗan kokawar da aka ce an yi wa maguɗi.
Ta Barira mai alkaki, gilashi a tsage,
muryoyi sittin na jiran kunne,
duk kan ɗinkin wata mawaƙiya
da ba ta san da Damagaram a duniya ba.
Ta Kyari kuwa majalisa ce sukutum:
kafin shayin farko ya tafasa
ya tuɓe shugabanni uku a ƙasashen da bai taɓa takawa ba,
ya karya farashin shinkafa,
ya kai ruwa Garin Malam da babban yatsa.
Famfon dai bai samu saƙon ba.
Ƴan garuwa na ta wucewa, ƙafa duk kaushi.

Ran Alhamis, kasuwa ta cika ta batse,
sai katakon ya ɗauki rawa gaba ɗaya
kamar an jefi gidan rina.
Hoto ɗaya a kowace fuska:
Baba Tsahiru mai gyaran rediyo,
hula a karkace, salati a sama,
a ƙasa: tura wa ƴan'uwa musulmi.

Wa ya faɗa? An turo.
Wa ya turo? Wani a gurup.
An kira lambarsa? An kira, a kashe take.
To, ka ji. Allah ya jiƙan rai.

A kashe take mana!
Ga ta nan a rami na sha bakwai tana shan wuta,
ga mamacin a bencina
yana ɓare gyaɗa, yana mitar zafi.

Na miƙa masa tawa, na ce, Baba, saurari makokinka.
Ya kara a kunne.
Ma'azu, da shekara uku bai ce masa sannu ba,
na rantsuwa Zengo ta yi rashin bango.
Wani daga Agadas ya ce da shi aka yi wanka.
Wanda ya ci masa jaka biyar
ya ce, mun yafe wa juna tun da azumi.
Tsoho ya daina tauna.
Ya ce, maido min na Ma'azun nan.
Na maido. Ya ce, ƙara.
Sau uku, yana kallon ƙasa.

Sannan ya gyara murya, ya danna:
Jama'a, ni ne Tsahiru, da raina, ina Dole.
Minti bai cika ba amsa ta faɗo:
tsohuwar murya ce, ku yi hattara.
Wani ya ce inji ke haɗa irin wannan yanzu.
Gurup ya dare gida biyu,
ƴan ya mutu da ƴan yana nan,
har da zagin iyaye.

Kafin la'asar wani bunsuru ya hau rufin mota a wani gari,
aka koma kansa.
Ba wanda ya janye ta'aziyya.

Harira ce kaɗai ta zo,
daga Birni, bisa kabu-kabu,
takalmi ɗaya, lulluɓi a hannu.
Ta tsaya. Ba ta yi magana ba.
Ta kama kunnen uban ta murɗa kaɗan
kamar mai neman tasha,
sannan ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Ya ƙirgo min dala ashirin.
Na ce, Baba, ba ta cika ba tukuna.
Ya ce, bar ta nan ta kwana.
Ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga riga,
ya biya mai kabu-kabu,
suka tafi a ƙasa, yana riƙe da takalmin nan ɗaya.